Yadda Ake Raba Bututun Murhun Itace da Audugar Rufi Don Kada Gida Ya Kama Wuta

A shekararmu ta biyu a gidan da muka saya a arewacin jihar Minesota ta Amurka, kuɗin ɗumama gida ya yi mana nauyi, sai na kira ma'aikata suka ƙara mana audugar rufi, wato abin da ake zubawa don hana ɗumin gida fita, a saman silin. Da mota suka zo, suka ja wata ƙatuwar mesa zuwa sama suka fesa, kafin azahar sun gama. Muka ci hunturunmu cikin ɗumi, murhun itace na ci dare da rana. Sai da kaka ta zagayo, wani dattijo mai sharar bututun hayaƙi ya hau sama, bai yi minti biyar ba ya kira ni in zo in gani da idona. Ya sa hannu ya yaye audugar da ta rufe gindin bututun. Wadda ke manne da ƙarfen ta sauya daga ruwan toka zuwa kalar gyaɗar da ta wuce suya. Katakon da ke gefe kuwa ya yi baƙi, ya sa farce ya kankare shi yana zuba kamar gawayi. Ɗakin yara ne a ƙarƙashin wurin.

Da na sauko na gaya wa uwargida, shiru ta yi, can ta ce, "Maigida, ashe a ƙarƙashin wuta muka kwana wata biyar." Tun ranar nake son rubuta wannan saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen sanyi, domin mu ba da wannan abu muka tashi ba. A gida murhu a tsakar gida yake, hayaƙi ya tashi ya kama gabansa. A nan murhun ƙarfe ne a falo, bututunsa ya huda silin, ya ratsa ta cikin katako da auduga, sannan ya fita ta rufi.

Audugar rufi bargon gida ce, aikinta ta hana zafi fita. To abin da ya sa take da amfani a ko'ina shi ne ya sa take da haɗari a jikin bututu. Abin da ke kare katako daga zafin bututu iska ce, fili ne da aka bari babu komai a ciki, iska na zagayawa tana kwashe zafin. Ka cusa wani abu a filin nan, ko da abin ba ya cin wuta, ka toshe wa zafi hanyar fita ke nan.

Kuma katako ba sai harshen wuta ya taɓa shi ba. Duba yadda mai ƙosai take jingina ɗanyen itace kusa da murhu: yau ba ya kamawa ko an hura, bayan kwanaki da ƙyar garwashi zai taɓa shi ya tashi. Haka katakon rufi yake. Zafin da bai kai ya kunna shi yau ba, idan ya yi ta gasa shi hunturu bayan hunturu, yana busar da shi yana mayar da shi gawayi, har ya kai inda zafi kaɗan ya isa. Shi ya sa maganar "ai shekara goma muna haka ba abin da ya faru" ba ta kwantar mini da hankali. Shekara goman ce ma abin tsoron.

Mataki na 1: Gane irin bututun da ke gidanka

Iri uku za ka tarar, kowanne da tazararsa.

Na farko shi ne baƙin bututu mai falle ɗaya, wanda ke tashi daga kan murhu a cikin ɗaki. Ƙa'idar kare gobara ta Amurka mai suna NFPA 211 ta ce a bar inci 18, wajen santimita 46, tsakaninsa da duk abin da ke cin wuta. Akwai ɗan'uwansa mai falle biyu na cikin ɗaki, wanda galibi inci 6 ke isarsa daga bango, amma lambar da masu ƙera shi suka rubuta ita ce hukunci. Duka biyun aikinsu a cikin ɗaki ya ƙare. Ba a yarda su ratsa silin, ko saman silin, ko cikin kabad ba.

Na biyu shi ne bututun da aka ƙera don ratsa gini, mai sheƙi, mai kauri, yawancinsa da audugar da ba ta ƙonewa a cushe tsakanin fallayensa biyu. A Amurka ka nemi tambarin UL 103 HT a jikinsa, wato an gwada shi da zafin digiri 2,100 a ma'aunin Faranhait, kusan 1,150 a ma'aunin Salshiyas. A Kanada lambar ita ce ULC S629. Shi ma duk da kaurinsa yana buƙatar inci 2 na iska zalla a kewayensa, wato santimita 5. A Ingila tazarar tana cikin lambar da ke jikin bututun: idan ta ƙare da G50, to milimita 50 ke nan.

Na uku ginin bulo ne, irin na tsofaffin gidaje. Mutane na ganin bulo sai su saki jiki. Bulo yana shan zafi a hankali, ya kuma daɗe yana riƙe da shi. Wanda ya ratsa ta cikin gida inci 2 ake bar masa daga katako, wanda ke jikin bango ta waje inci 1.

Ka nemo littafin murhun da na bututun. Idan tsohon mai gidan bai bar maka ba, akwai farantin ƙarfe a bayan murhu mai sunan kamfani da lamba, da su za ka samo littafin a intanet.

Mataki na 2: Shiri kafin hawa

Wuta ta mutu murus, bututu ya huce, ka ba shi kwana guda. Ka tanadi tocila mai ɗaurawa a goshi, tef ɗin awo, safar hannu, tabarau, riga mai dogon hannu, da takunkumi mai tace ƙura irin N95. Ka ɗauki guntun katako mai faɗi da za ka durƙusa a kai. A sama, kan katakan da ke riƙe da silin kawai ake takawa. Tsakaninsu allo ne mara ƙarfi, ba ya ɗaukar mutum. Kada ka hau babu kowa a gida.

Abu ɗaya zai sa ka sauko nan take. Idan ka leƙa ka ga audugar ba auduga ba ce, tsakuwa-tsakuwa ce mara nauyi, mai ƙyalli, ruwan toka ko ruwan zinare, to bamikulait ce. Mafi yawan wadda aka zuba a tsofaffin gidajen Amurka da Kanada daga mahaƙar Libby ta jihar Montana ta fito, wadda aka rufe a 1990, kuma tana gauraye da asbesto mai lalata huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce kada a motsa ta. Ka rufe ƙofar ka kira masu lasisin wannan aiki.

Mataki na 3: Duba, ka auna, ka shinshina

Idan ka isa gindin bututun, kada ka yi gaggawar taɓa komai. Ɗauki hoto tukuna. Sannan ka yaye audugar da hannu har ka ga inda bututun ya fito daga silin.

Auna daga jikin bututun zuwa katako mafi kusa, ta kowane ɓangare huɗu, ba ɓangaren da ke fuskantarka kaɗai ba. Bayan bututun, inda sai ka kwanta kafin ka gani, nan ne masu aiki suka fi yin ha'inci. Ka ɗaga kai ka auna a sama ma, inda ya huda rufin. Wayar lantarki, ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin auduga don tare danshi, kwali, sheƙar tsuntsu ko ta ɓera, duk a lissafin abin da ke cin wuta suke.

Ka kalli launin katakon. Mai lafiya fari ne ko ruwan ƙasa mai haske. Wanda ya yi duhu kamar gasasshen burodi ya sha zafi. Wanda ya yi baƙi yana farfashewa, ko yake warin ƙauri, ya riga ya zama gawayi. Ka kalli bututun shi kansa: tsatsa, lotsawa, gaɓar da ta buɗe, ko wurin da ƙarfen ya rine zuwa shuɗi-shuɗi, alamar cewa wuta ta taɓa tashi a cikinsa. A na bulo, ka nemi tsagewa da baƙin tabo da ke fitowa ta tsakanin bulo.

Idan ka ga baƙin katako, ko ka tarar da bututu mai falle ɗaya a saman silin, aikinka ya tsaya a nan. Ba za a sake hura murhun ba sai ƙwararre ya zo. Kuma idan katako ya matso bututu fiye da ƙa'ida, kada ka ɗauki zarto ka rage shi da kanka, wataƙila shi ke ɗauke da rufin. Wannan aikin kafinta ne da ya san nauyin gini.

Mataki na 4: Janye audugar, kowace iri ce

Nan ne gardama take, don haka bari in daɗe.

Irin da aka fesa mana niƙaƙƙiyar takardar jarida ce da aka gauraya da sinadarin boret don rage mata kama wuta. Ragewa aka yi, ba hanawa ba. Idan ta kama ba ta yin harshe, ci take ƙasa-ƙasa kamar wuta a tarin ƙaiƙayi, tana iya ɗaukar sa'o'i tana tafiya a ƙarƙashi mutane na barci.

Audugar gilashi, mai ruwan hoda ko rawaya, zarenta ba ya ci, amma takardar da ke manne a bayanta tana ci sosai.

Soso kuwa, ko farin allo irin wanda ake naɗe firji a kwali, ko kumfar da ake fesawa ta kumbura ta daskare, shi ne mafi muni. Farin yana fara laushi tun wajen zafin tafasar ruwa, duka biyun kuma idan suka kama, baƙin hayaƙinsu mai guba ne. A kula da kumfar gwangwani mai ruwan lemo da ake sayarwa da sunan mai tare wuta. An yi ta ne don toshe ƙananan ramukan waya da famfo, ita kanta tana ƙonewa. Ba ta da wuri a kusa da bututun murhu.

Sai audugar dutse, irin ta Rockwool. Ita ce ke ruɗin mutane, har da wasu masu gini. Gaskiya ne tana jure zafin da ya haura digiri 1,000 na Salshiyas ba ta narke ba. Sai mutum ya ce, tunda ba ta ci, bari in cusa ta a ratar nan in toshe sanyi. Matsalar ba cinta ba ce. Lokacin da aka gwada bututun aka ba shi tambari, da iska a kewayensa aka gwada shi. Ka lulluɓe shi, zafin da ya kamata ya tashi sama ya taru a wuri ɗaya, fallen waje ya yi zafin da ba a ƙera shi don shi ba, a hankali zafin ya ratsa audugar ya isa katako. Ka tuna yadda ake naɗe tukunyar shinkafa da tsumma ta kwana da zafinta. Tsumman bai ƙone ba, amma zafin bai je ko'ina ba. Banda kawai shi ne inda kamfanin bututun da kansa ya ƙera wani naɗi ya kuma rubuta a littafinsa cewa an gwada shi da wannan bututun. Abin da littafi bai ambata ba, ba ya shiga ratar.

Wurin da auduga take da amfani ga bututu shi ne cikinsa: wadda ke tsakanin fallayen bututun ƙarfe, ko bargon da ake naɗa wa bututun ƙarfe mara tsatsa kafin a zura shi cikin tsohon ginin bulo. Can tana riƙe zafin hayaƙi a ciki. A waje kuwa, tsakanin bututu da katako, iska kaɗai.

Ka ture audugar baya kamar ƙafa biyu don ka samu wurin aiki, ka tsince ɓurɓushin da ya faɗa cikin ratar har ƙasa. Wadda ta sauya launi ka zuba a buhu ka fitar.

Mataki na 5: Toshe ramin silin da ƙarfe

Tambayar da kowa ke yi ita ce, to idan na bar rata, ɗumin gida ba zai gudu ta nan ba? Zai gudu, kuma ramin nan hanya ce da gobara ke bi daga bene zuwa bene. Ana rufe shi, amma da fallen ƙarfe a kwance, ba da cushe ba.

Ga bututun ƙarfe, kamfanin yana sayar da farantin da aka yanka daidai da shi, mai rami a tsakiya da ɗan leɓe da ke riƙe tazarar inci 2. Sayi na kamfanin bututunka, kada ka haɗa kayan kamfani biyu ko da sun yi kama. Ɗan siririn layin da ya rage tsakanin faranti da bututu a shafe shi da gam ɗin silikon mai jure zafi, idan littafin ya yarda.

Ga na bulo, ka yanko fallen alminiyam ko langa-langa gida huɗu, kowanne ya kwanta a kan katako bakinsa ya taɓa bulo, kusurwoyinsu su hau juna. Kafe su a katakon da ƙusa, ka bi bakin bulon da gam ɗin da ba ya ƙonewa, wanda ke da lamba ASTM E136 a jikin kwalbarsa.

Mataki na 6: Kafa garkuwa

Ko ka janye auduga yau, za ta dawo. Iska na kaɗa ta, ɓera na jan ta, mai gyaran waya na ture ta da ƙafa. Sai an yi mata katanga.

Garkuwar bututun ƙarfe wani gwangwani ne mai faɗi da ke kewaye bututun, ya bar ratar a ciki, da hula a samansa mai hana ɓurɓushi faɗawa. Ita ma ta kamfanin bututun za ka saya. Dole tsayinta ya haura audugar. Idan audugarka ta fi ta zurfi, a ƙara mata tsayi yadda littafi ya nuna. Wadda ake sakawa tun farko daga sama ake zura ta, don haka a tsohon gida sau da yawa sai an kwance gaɓar bututu. Idan ba ka taɓa yi ba, bar wa mai sana'ar. A gidanmu dattijon nan ne ya yi, bayan kafinta ya sauya katako biyu.

Ga na bulo, ka lanƙwasa fallen ƙarfe ya tsaya a tsaye inci 2 daga bulon, ya zagaye shi, ya ɗara audugar da 'yan inci. Ka yanka bakinsa na sama ka tanƙwara 'yan harsuna ciki su dafa bulon, don kada nauyin auduga ya matse shi. Sannan ka mayar da audugar har jikin garkuwar ta waje, ka sake ɗaukar hoto.

Mataki na 7: Sauko cikin ɗaki

Auna baƙin bututun zuwa bango, silin, labule da kantar ajiye kaya. Allon bango mai fenti da katako a bayansa abin cin wuta ne, ko da an manna masa tayil. Idan wurin ya matse, ƙa'idar ta yarda a rage inci 18 zuwa 6 a bango, ko 9 a silin, ta hanyar kafa fallen ƙarfe da aka ɗaga inci 1 daga bangon da abin da ba ya ƙonewa, a bar sama da ƙasa a buɗe iska na wucewa ta baya. Ka lura, nan ma iskar ce ke aikin. Fallen da aka manna a bango kai tsaye ba ya rage ko inci ɗaya.

Kowace gaɓa a ɗaure ta da sukuru 3, bakin da aka tsuke ya kalli murhu don kwaltar hayaƙin da ta narke ta koma ciki. Idan bututun ta bango zai fita, sai ta cikin akwatin ƙarfen da aka ƙera don haka.

A kan rufi kuma, bututu ya haura inda ya fito da ƙafa 3, ya kuma fi duk abin da ke cikin ƙafa 10 daga gare shi da ƙafa 2. Daga ƙasa ma kana iya kimantawa.

Mataki na 8: Kada bututun ya zama murhu na biyu

Tazarar nan ba don ranar lafiya kaɗai aka yi ta ba, an yi ta ne don ranar da wuta ta tashi a cikin bututun. Abin da ke kawo haka kwaltar hayaƙi ce. Ta fi kunkunniyar ɗakin girki da muka sani. Tana farawa kamar gari, ta zama ɓawo, ta koma baƙin gam mai sheƙi. Ɗanyen itace da wutar da aka shaƙe wa iska don ta kai asuba su ne ke tara ta. Ka ƙona itacen da danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ɗan ma'aunin danshi ba shi da tsada, ka fasa itacen ka soka shi a sabuwar fuskar. Kwalta ta kai kaurin milimita 3, lokacin shara ya yi. A duba bututu sau ɗaya a shekara ko da ba a hura shi sosai ba.

Wajen neman mai dubawa, a Amurka ka tambayi shaidar ƙwarewa ta CSIA, a Kanada WETT, a Ingila HETAS. Ka ce masa a fili ya hau saman silin, domin wasu daga rufi da ɗaki kawai suke dubawa. Ka ajiye takardar, kamfanonin inshora da yawa suna nemanta. Mai haya kuma ya rubuta wa mai gida ya nemi ganin takardar dubawa ta ƙarshe kafin ya hura wuta.

Idan za ka kira masu fesa auduga, garkuwa ta riga su zuwa. Ka nuna musu bututun da yatsa, kuma idan sun gama ka hau ka gani kafin ka biya.

Masu gidan burodi da ɗakunan girki a gida, waɗanda bututun tandarsu ke huda silin roba ko katakon kwano, lissafin ɗaya ne: ƙarfe mai falle ɗaya ba ya kusantar katako.

A sa ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid, mai guba mara wari, kusa da ɗakunan kwana, a riƙa gwada su. Ranar da ka ji bututu na ruri kamar jirgi zai tashi, ko yana ƙas-ƙas, ko maƙwabci ya ce tartsatsi na fita ta sama, ka fitar da kowa waje, ka rufe ƙofar murhu da mashigar iskarsa idan hannunka zai kai ba haɗari, ka kira 'yan kwana-kwana, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Ingila. Ko ta mutu da kanta kafin su iso, ka roƙe su su hau saman silin da na'urar ganin zafi, saboda auduga na iya riƙe garwashi a ƙarƙashinta har bayan sun tafi. Murhun kuma ba a sake hura shi sai an zura kyamara a cikin bututun an duba shi gaɓa-gaɓa.